Hanyar da muka bi har Auta ta shiga tawagar zamiyar ƙanƙara ta kwaleji a Amurka

Makonni biyu da suka wuce wata 'yar'uwa da ke zaune a Kolorado ta kira ni, ɗanta mai shekara 14 ya kamu da son tseren zamiyar ƙanƙara, wato gangarowa daga dutse mai ƙanƙara a kan alluna biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, kocinsa kuma ya fara yi mata maganar kwaleji. Mun fi awa biyu a waya. Da na ajiye sai na ga gara in zauna in rubuta, domin lokacin da muke cikin wannan lamari babu Bahaushe ko ɗaya da zan tambaya, kuma rashin sani ya ci mana kuɗi da lokaci.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Kano, muna zaune da maigidana a kudancin birnin Minneapolis na jihar Minesota. Autarmu tana da shekara 8 makarantarsu ta kai su Buck Hill, wani ɗan tudu a Burnsville wanda tsayinsa daga sama zuwa ƙasa bai fi mita 100 ba. Duk da ƙanƙantarsa, a nan shahararriyar 'yar tseren Amurka Lindsey Vonn ta koyi tsere a hannun koci Erich Sailer, haka ma Paula Moltzan. Yarinya ta dawo gida ran nan kumatu sun yi sanyi ƙalau, ta ce, "Umma, gobe ma za ki kai ni?" Daga nan aka fara. Har ta shiga sakandare muna ganin wasa ne na bayan makaranta, tana tsere wa makarantarsu, ana zuwa gasar jiha a Giants Ridge, a dawo. Ba mu san cewa kocin kwaleji ba ya ko kallon sakamakon gasar sakandare ba. Abin da yake dubawa shi ne makin FIS, wato hukumar wasannin ƙanƙara ta duniya mai hedikwata a Suwizalan.

Matakin farko ke nan, kuma shi ne na fi daɗewa ban gane ba. Yaro ba ya shiga tseren FIS sai shekarar da zai cika 16. Ana fara yi masa rajista da hukumar ƙasa, U.S. Ski & Snowboard, ta intanet, sannan a ƙara kuɗin lasisin FIS a kai, a sa hannu a takardar amincewa da haɗarin wasan, a nuna shaidar inshorar lafiya. Mun yi namu a kakar 2020, cikin korona, ya ci mu 'yan ɗaruruwan daloli, bayan 'yan kwanaki lambarta ta fito a shafin hukumar. Wannan shi ne mai sauƙin. Kayan aikin ne suka girgiza mu. Allunan da take zamiya da su a sakandare ba su cika ƙa'ida ba: na silalom (tseren da ake gangarowa ana kewaya turakun da aka kafa a hanya) na mata ba ya gaza santimita 155, na babban silalom kuma yana da nasa tsawo da lanƙwasa da doka ta ƙayyade, hular kwano ma sai mai ɗauke da tambarin amincewar FIS. Kowane nau'i ana son biyu, na atisaye da na ranar tsere. Abbanta ya koyi wasa gefen allo da shafa masa kakin zamiya a gareji, da dutsen guga na musamman, don kada mu riƙa biyan shago duk mako. Mun sayi rabin kayan na hannu ne daga iyayen da yaransu suka girma, kuma ban taɓa nadamar haka ba.

Makin FIS kuwa a juye yake, mai ƙaramin maki shi ne gwani. Sabon shiga yana farawa ne da maki kusan dubu, ana kuma ɗaukar sakamakonsa biyu mafi kyau a kowane nau'i a raba biyu. Wanda makinsa ya yi yawa a baya yake tashi. Na ga ma'anar wannan da idona a Lutsen, bakin tafkin Superior, tafiyar sama da awa huɗu daga gidanmu. Lambarta 87. Kafin a zo kanta, yara tamanin da wani abu sun riga sun kwarzane hanyar, gindin kowace turka ya zama rami mai ƙanƙara kamar gilashi. Na tsaya a ƙasa yatsun ƙafata sun mutu, ina kallonta tana faɗawa rami tana fitowa, har ta ƙetare layi. Ta zo ta 52, tana murna, ni kuma ban san ko abin murna ba ne. Wani uba da ke gefena ne ya zaunar da ni ya bayyana mini cewa ba matsayi ake ci ba. Ana lissafa tazarar lokacinki da ta wadda ta zo ta ɗaya, sannan a ƙara wani adadi da ya dogara da ƙarfin gwanayen da suka shiga tseren. Don haka zuwa ta 30 a cikin gwanaye ya fi zuwa ta 5 a cikin 'yan koyo. Shi ya sa iyaye ke kwasar yara zuwa Kolorado, Vermont da Kanada suna bin tsere mai ƙarfi. A nan kuɗi ke zurarewa: kuɗin shiga na kowace rana, tikitin hawa dutse, masauki, mai, da kason kuɗin tafiyar koci.

A shekararta ta uku a sakandare muka fara tambayar kwaleji, sai muka tarar hanyar ba ɗaya ba ce. Akwai hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, wadda a wannan wasa makarantunta ba su da yawa. A yamma akwai irin su Denver, Kolorado, Utah da Montana State. A gabas akwai Vermont, Dartmouth, New Hampshire, Harvard, da ƙananan kwalejoji irin su Middlebury, Williams, Bates, Colby da St. Lawrence. Silalom da babban silalom kawai ake yi, babu nau'o'in gudu mai tsanani. Abin da ya bambanta wannan wasa da sauran shi ne rukunan makarantun NCAA, na ɗaya da na biyu da na uku, duk gasa ɗaya suke yi, kofi ɗaya suke nema, kuma ana haɗa makin maza da mata, da na masu gangara dutse da na masu tseren fili. Tallafin karatu saboda wasa yana rukuni na ɗaya da na biyu ne kawai. Rukuni na uku ba ya bayarwa, haka ma Dartmouth da Harvard duk da suna rukuni na ɗaya, su sai dai tallafi gwargwadon ƙarfin iyaye. Sai kuma ɗaya hanyar, USCSA, wata ƙungiyar wasan ƙanƙara ta kwalejoji, inda kwalejoji fiye da 100 ke da ƙungiyoyin ɗalibai, ƙofa a buɗe take ga mai ƙaramin ƙarfi da babba, ɗalibai kuma sukan biya wani abu daga aljihunsu.

Da jin sunan NCAA na yi gaggawar buɗe mata asusu a cibiyar tantance 'yan wasa ta hukumar, na biya kusan dala 100. Daga nan muka je ofishin mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu domin a tura takardar sakamako. Ana buƙatar darussa 16 da hukumar ta amince da su, da matsakaicin makin karatu 2.3 a rukuni na ɗaya. A nan muka ci karo da matsala: wani darasin Turanci da ta ɗauka ta intanet saboda tafiye-tafiyen hunturu ba ya cikin jerin da aka amince da shi. Sau uku ina komawa ofishin, kowane zuwa sai na nemi canjin aiki a asibiti, kafin a gano haka, ta sake wani darasin da bazara. Daga baya kuma na gane cewa ɗalibin da ya yi sakandare a Amurka, idan rukuni na uku zai shiga, ba ya buƙatar wannan tantancewa ta kuɗi. Da na san inda muka dosa, da na tsaya a asusun kyauta.

A watan Afrilun 2021 ta rubuta wa koci tara. Kowace wasiƙa tana ɗauke da lambarta ta FIS, makinta, sakamakon makaranta, da ɗan bidiyon tsere. Makinta na silalom a lokacin yana wajen 95. Muka jira mako ɗaya, biyu, wata guda. Bakwai ba su amsa ba. Ɗaya ya aiko da godiya ta layi biyu. Na tara, kocin wata ƙaramar kwaleji a gabas, shi ne ya kira ta a waya, kuma har gobe ina yi masa fatan alheri saboda gaskiyar da ya faɗa. Ya ce manyan jami'o'in da ke ba da tallafin wasa suna ɗauko 'yan Norwe, Kanada, Ostiriya da Suwidin ne, waɗanda wasunsu sun riga sun yi wa ƙasashensu tsere, suna shiga aji ɗaya suna da shekara 20 ko 21. Ba ƙari ya yi ba: Laurence St-Germain ta Kanada ta ci kofin NCAA a jami'ar Vermont a 2019, sannan ta zama zakarar duniya a silalom a 2023. Da irin waɗannan ake tsayawa layi ɗaya. Ya ce shi yana neman mai maki ƙasa da 60, amma abin da ya sa ya kira shi ne sakamakon karatunta, domin a makarantarsu koci ba ya iya shigar da wanda ofishin ɗaukar ɗalibai bai yarda da takardunsa ba.

Ta gama sakandare a Yunin 2022 da makin FIS 74. Jami'ar jiha ta ɗauke ta, akwai ƙungiyar USCSA a can, kuɗin makaranta daidai ƙarfinmu. Ni wannan na so. Ita kuma ta roƙi shekara guda ta zauna ba karatu, tsere kawai, kamar yadda yawancin masu neman NCAA ke yi. Mun yi dare uku muna wannan magana. Abbanta ya ce, "Auta, shekara ɗaya ce, ba biyu ba. In maki bai sauka ba, makaranta za ki." Ta ce, "Na yarda, Abba." Makarantun kwana na 'yan tsere irin su Burke Mountain Academy, inda zakarar duniya Mikaela Shiffrin ta yi, sun fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Muka sa ta a wata ƙungiya a Kolorado, ta zauna a gidan wasu mutanen kirki, tana aiki a shagon haya na kayan zamiya da yamma. Duk da haka shekarar ta ci mu abin da ya haura dala 25,000, na ƙara aikin dare biyu a kowane mako. Akwai ƙungiyar baƙaƙen fata masu wasan ƙanƙara, National Brotherhood of Snowsports (a da National Brotherhood of Skiers), wadda ta samo asali a 1973 kuma tana tallafa wa matasan 'yan tsere. Mun makara da jin labarinta, ku kada ku makara. Wani gargaɗin da kocin ya yi mana: kada ta yi rajistar cikakken karatu a kowace kwaleji a wannan shekara, domin da zarar ta yi, agogon shekarun da NCAA ta yarda ta yi wasa ya fara bugawa, kuma za ta koma mai neman canjin makaranta.

Akwai abin da ya shafe mu mu 'yan Afirka ta Yamma fiye da sauran iyaye. Auta AS ce, tana ɗauke da ƙwayar sikila ɗaya. Wannan ba ciwo ba ne, amma a wuri mai tsayi inda iska ke da ƙaranci, ga motsa jiki mai tsanani, ga ƙishirwa, yana iya kawo matsala, har ta taɓa saifa. Gindin dutsen Copper inda ake atisayen Nuwamba ya kusa mita 3,000 daga matakin teku. Kafin ta tafi na kai ta wurin likita, ya rubuta wa kocinta takarda: ta isa da kwanaki kafin fara aiki mai nauyi, ta yawaita shan ruwa, in ta ji ciwo a hagun ciki ko gajiyar da ba ta saba ba ta tsaya nan take. Alhamdulillahi ba ta taɓa samun matsala ba, amma na fi samun barci da na san kocin ya sani.

Zuwa ƙarshen Disamba makin silalom ɗinta ya sauka zuwa 58. Tun da bazara kocin nan ya riga ya kai takardunta ofishin ɗaukar ɗalibai don a yi musu duban share fage, amsa ta dawo da kyau. Ya ce ta nema a zagaye na biyu na neman gurbi da wuri, a farkon Janairu, wanda ke ɗaure ɗalibi: in an ɗauke ki, dole can za ki. Na ƙi sa hannu sai da ofishin tallafi ya ba mu ƙiyasi a rubuce, domin kuɗin shekara a irin waɗannan kwalejoji ya haura dala 80,000. Fom biyu ake cikawa don neman tallafin. FAFSA na gwamnati ne, kyauta. CSS Profile kuwa dala 25 ne a makarantar farko, 16 a kowace ƙari, kuma yana tone-tone ƙwarai. Ya tambayi kadarori har na wajen Amurka, dole muka sa filin da muke da shi a Kano, muka ƙiyasta kuɗinsa da dala. Babu gurbin rubuta abin da muke aika wa iyayenmu duk wata, sai a akwatin ƙarin bayani, na rubuta na haɗa da rasit na shekara guda. Ma'aikaciyar ofishin tallafin ta kira ni ta ce sun duba. Amsa ta zo tsakiyar Fabrairun 2023, ina wurin aiki. Na shiga ɗakin ajiyar magani na karanta a waya, na yi sujjada a kan tayil. An ɗauke ta, tallafin kuma ya sauko da kuɗin kusa da na jami'ar jiha. Ko sisi a ciki ba na wasa ba ne.

Da bazara sai takardun sashen wasanni: gwajin lafiya da bai wuce wata shida ba, shaidar inshora da za ta yi aiki a waccan jiha, gwajin ƙwaƙwalwa na ajiya saboda ranar da aka bugu a ka, da sakamakon gwajin sikila, wanda NCAA ke nema daga kowane ɗan wasa. Maganar baki ko takardar likitanmu ba ta wadatar ba, sakamakon ɗakin gwaji suke so. Na jarirantaka ya ɓace mana a ƙaura, muka sake, kwana biyar ya fito. Inshorarmu kuma ba ta biyan asibitocin can sai na gaggawa, dole muka sayi ta makaranta.

Shiga tawaga ba shi ne shiga tsere ba. A gabas ana yin bukukuwan gasa shida tsakanin Janairu da Fabrairu, Juma'a da Asabar, kowace makaranta mata shida take sawa, su kuwa su goma ne. Duk mako sai an gwada su da agogo. Daga ƙasar baki ɗaya mata 34 ne kacal masu gangara dutse ke kaiwa gasar ƙarshe a Maris. Ga karatu ba ragi: dole ta riƙe cikakken nauyin darussa, ita kuma ilimin halittu take yi, mai zaman ɗakin gwaji na awa uku. A makon farko na zango take bin malamai ɗaya bayan ɗaya da takardar ranakun da za ta yi fashi. Ta taɓa rubuta jarrabawar sinadarai a ɗakin otal, mataimakin koci na zaune yana gadi. Maganar sutura ma mun yi ta, don rigar tsere matsattsiya ce kuma abin ya dame ni. Tana sa ƙaramin hijabi a ƙarƙashin hular kwano, tana zama cikin babbar riga da wando har a kira lambarta, a ƙasa kuma wata abokiyarta na jiranta da su.

A gasa ta biyu, Janairun 2024, allon ƙafarta ya kama turka, jijiyar gwiwa da ake kira ACL ta tsinke. Ina kallon lokutan a waya, na ga an rubuta ba ta gama ba, minti 40 babu wanda ya ɗauki kirana. Aka yi hoto, aka jira kumburi ya sauka, aka yi aiki a Fabrairu. Sai wata takardar kuma, ta neman a mayar mata da shekarar wasan da ta rasa. Sharaɗin shi ne raunin ya faru kafin rabin kaka, kuma ba ta shiga fiye da kusan kashi ɗaya cikin uku na gasannin ba. Jami'in bin ƙa'ida na makaranta ne ke turawa, amma mu muka tattaro rahoton likitan tiyata da na masu gashin ƙashi, kowanne da kwanan wata. An amince bayan wata biyu. A wannan zango, tana dogara sanduna a kan ƙanƙara zuwa aji, tallafinta bai motsa ba, tunda ba a kan ƙafarta aka ba ta shi ba. A nan ne na daina jin haushin rashin samun tallafin wasa.

Ga mai shirin bin wannan hanya, abin da zan ce kaɗan ne. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun ajin farko na sakandare ku sa a duba muku kowane darasi ko yana cikin jerin da aka amince. Ku shiga shafin FIS ku duba makin 'yan tawagar makarantar da kuke so, a buɗe yake ga kowa, zai gaya muku gaskiyar da koci zai ji nauyin faɗa. Kada ku zuba kuɗi da tunanin tallafin wasa zai mayar muku, guraben kaɗan ne kuma duniya ce ke nemansu. Yaro ya rubuta wa koci da kansa, ku kuma ku riƙe ɓangaren kuɗi, kada ku sa hannu sai kun gani a rubuce. Ku adana kowace takardar asibiti. Kuma USCSA ba faɗuwa ba ce, ƙawayen Auta biyu suna can suna tsere cikin jin daɗi, iyayensu ba su ci bashi ba.

Ta koma kan ƙanƙara a Disamban 2024, wata goma bayan aiki. Sai a gasa ta biyar ta samu shiga cikin shidan, na ɗauki hutu na hau jirgi. Lambarta 61. Ta sauko zagayen farko a hankali, na ga tana tausaya wa ƙafar, a na biyu kuma ta saki jiki, ta ƙare ta 33. Ta zo inda nake tana haki, ta cire safar hannu ta kama hannuna, nata ya fi nawa ɗumi. Ta ce, "Umma, gwiwar ba ta ce komai ba." Daga nan ta karɓi babbar rigarta, ta ce in jira ta a mota, za ta je ta taya kwashe turaku, kuma tana da rahoton ɗakin gwaji da za ta miƙa ranar Litinin.